Ranar da Kwamfuta ta ce Babu Abubakar a Ƙasar Zurmi

Akwai wata Laraba da har in koma ga Allah ba za ta fita raina ba. Duk sanda na tuna ta sai in ji kamar yau abin ya faru. Wata guda ne bayan ƙaramar Salla, hadari ya fara haɗowa ta gabas amma ruwa bai sauka ba. Ku da aka ɗauka aiki kwanan nan ba ku san zancen ba. Waɗanda suka sani kuma sun fi son a rufe shi. To ni ba zan rufe ba.

Sunana Isuhu. A ofis Isuhu Taifis ake ce mini, ko da yake rabona da tafireta an fi shekara goma sha biyar. A aji uku na sakandare karatuna ya tsaya, kuma ba na ɓoye wa kowa. A mataki na huɗu aka ɗauke ni aiki, yau ina mataki na shida, yaran da na koya wa yadda ake kunna firinta sun wuce ni suna sa hannu a takardar hutuna.

Bari in yi wa wanda ba ɗan gida ba bayanin aikinmu. Shiri ne na rajistar gonaki, ba sai na kama sunansa ba. Manomi zai zo da takardar da magatakardan hakimi ya cika masa, mai ɗauke da sunansa da hotonsa da iyakokin gonarsa. Maƙwabtan gonar huɗu sun dangwala yatsa, hakimi ya buga hatimi. Akawunmu zai sa takardar a sikana, wato na'urar da ke ɗaukar hoton takarda, ya ajiye hoton a kwamfuta da sunan mai gona, ya mayar wa manomi takardarsa. Ba ma ajiye kwafi a kabad, don waɗanda suka kawo shirin sun ce zamanin tara takardu ya wuce. Babban ofis yana nan Kaura Namoda, da reshe ɗaya a Shinkafi, ɗaya a Zurmi. Da hanya ta lalace, 'yan bindiga suka hana kowa sakat, sai aka rufe rassan biyu, aka kwaso kayansu a akori-kura aka jibge a sito. Nan kwamfutocin suka yi wata da watanni, ba wanda ya ko kaɗe musu ƙura.

Ranar Litinin ta makon da abin ya faru wani dattijo ya zo tagata. Baba Abubakar ke nan, mutumin Gurbin Bore, ya haura saba'in. An ƙone masa gida a wani hari, takardar gonarsa ta tafi a wutar, ya gudo Kaura wajen ɗan ƙanensa. Da ƙura ta ɗan lafa ya koma duba gonarsa ta fadama, sai ya tarar wani mai ƙarfi a garin ya kafa turaku, ya ce ta kakansa ce. Maƙwabtan nan huɗu da suka dangwala yatsa, biyu an kashe su, biyu ba a san inda gudu ya kai su ba. Magana ta kai kotu a Zurmi, alƙali ya ɗaga shari'ar sau biyu, ya ce ranar Alhamis ita ce ta ƙarshe: ko ya kawo shaidar rajista, ko a yanke hukunci da abin da ke gaban kotu.

Ya ce mini, “Ɗana, ni ba ni da kowa ga wagga magana sai Allah sai akwatin nan naku. Yarinyar da ad da aiki Zurmi ta sa takardata ciki, da idona na gani.”

Yarinyar da yake nufi Malama Saratu ce, akawun reshen Zurmi. Shekara shida ta riƙe wannan reshe ita kaɗai. Wata huɗu bayan an rufe shi Allah ya yi mata rasuwa. Don haka babu wanda za a tambaya.

Na shiga wajen Kodineta, shi ne shugaban ofis, Alhaji Bello. Na girme shi da shekara bakwai. Na ce, “Ranka ya daɗe, a ba ni mabuɗin sito in ɗauko kwamfutar Zurmi.” Bai ɗago kai ba. Ya ce an turo injiniya daga Gusau zai gyara kwamfutocin rassa, kada wanda ya taɓa su sai shi, dattijo ya dawo Laraba. Na ce Alhamis fa ake shari'ar. Ya ce, “To Laraba ba kafin Alhamis take ba?”

Abin da bai gaya mini ba shi ne ma'anar gyaran. Za a yi musu fomatin ne, wato a share duk abin da ke cikinsu tas, a zuba sabon tsari a raba wa sababbin ma'aikata.

Ranar Laraba tun ƙarfe takwas Baba Abubakar yana kan bencin baranda da sandarsa. Sai sha ɗaya aka tada janareto, kuma doka ce ƙarfe biyu ake kashe shi. Injiniya Nura ya jona kwamfutar Zurmi a ɗakin taro. Matashi ne mai digiri, asalinsa ɗan Gusau amma tashin Abuja, takalminsa har ɗaukar ido yake. Ba zan ce bai san aikinsa ba. Ya sani. Mutane ne bai sani ba.

Da ya kunna, hotunan nan da ake dannawa da maus ba su fito ba. Wani abu ya lalace a jijjigar hanya. Baƙin allo ne kawai da ɗan farin layi yana ƙiftawa. Kwamfutocinmu Linux ke cikinsu, kuma ko da fuskarta ta mutu ana iya yi mata magana ta baƙin allon nan, ka rubuta umarni ta ba ka amsa. Ni ma na san wannan. Shekarun baya an kira bita ta mako biyu a Gusau, Kodinetan lokacin ya ji tsoron hanya ya tura ni a madadinsa. Wata injiniya 'yar Zariya ce ta koyar da mu, ba ta raina ni ba, duk abin da ta rubuta a allo na kwafe a littafi mai ganye arba'in. Littafin yana aljihuna ranar.

Lambar sirrin shiga tana manne a bayan akwatin kwamfutar da salatif, rubutun Saratu. Injiniya ya shiga, ya rubuta:

find /home/zurmi -iname "*abubakar*"

Ga wanda bai sani ba: fayiloli a kwamfuta kamar gidan gandu suke. Akwai zaure, daga shi sassa, kowane sashe da ɗakuna, kowane ɗaki da akwatuna, a cikin akwati wani akwatin. Umarnin find kamar masinja ne da za ka tsayar a zaure ka ce ya shiga ko'ina, kada ya tsallake ɗaki ko ɗaya, ya kawo maka duk abin da ya dace da kwatancenka. Kalma ta biyu ita ce zauren da zai fara. Ta uku tana nufin ya duba suna, bai damu da babban baƙi ko ƙarami ba. Taurarin nan biyu kuma suna nufin ko mene ne ya zo kafin sunan ko bayansa, a kawo.

Akwatin ya yi ƙara na ɗan lokaci, sai ɗan layin ya dawo yana ƙiftawa. Ko fayil ɗaya bai fito ba.

Injiniya ya juya wajen Kodineta ya ce, “Yallaɓai, babu. Ko ba a taɓa sa shi ba, ko ya goge. A gaya wa tsohon ya yi haƙuri.” Ya zaro filas daga aljihu, ɗan abin nan da ake sokawa a kwamfuta, ya soka. A cikinsa sabon tsarin yake. A nan na gane abin da ake shirin yi.

Na ce, “Injiniya, tsaya. Gwada Usmanu.”

Ya ce, “Malam Isuhu, sunan mutumin Abubakar ne ko Usmanu?”

“Kai dai gwada.”

Ya gwada yana murmushin raini. Allo ya cika da Usmanu har yana gudu. Na ce gwada Aliyu. Ya cika. Na ce Umaru. Ya cika. Na ce Garba, Habu, Buba. Garba uku suka fito, duk mutanen Moriki, ba namu a ciki.

Na ce, “To yanzu kai a hankalinka, shekara shida ana rajista a ƙasar Zurmi, ga Umaru ga Usmanu ga Aliyu kamar a ɗebo da kwando, amma babu Abubakar ko ɗaya? Ko iyayen ƙasar ne suka yi taro suka daina raɗa sunan?”

Ya ce, “Ni dai abin da na'ura ta nuna na faɗa. Na'ura ba ta ƙarya.”

“Ban ce ta yi ƙarya ba. Abin da ka tambaye ta ta amsa.”

Kodineta ya duba agogo ya ce, “Isuhu, ya isa. Mutum ya yi digiri a kan abin nan, kai da ko takardar gama sakandare ba ka da ita za ka koya masa? Injiniya, ci gaba, akwai taro ƙarfe ɗaya.”

Ban san sanda hannuna ya kai ba. Na fizge filas ɗin daga jikin kwamfutar na jefa a aljihun gaban rigata. Na ja kujera na zauna a gaban kibod.

“Isuhu! Ka san abin da ka yi?”

“Na sani, ranka ya daɗe. A kore ni bayan Azahar. Kafin nan ba mai share gonar mutum ina kallo.”

Kodineta ya ce zan ga kwiri, wato takardar tuhumar da ake ba ma'aikaci ya kare kansa a rubuce. Na ce a rubuto, ni ma na iya bugawa. Ya fita ya buga ƙofa. Injiniya ya tsaya a bayana ya harɗe hannu, yana jira in kunyata.

Gaskiya ni ma a lokacin ban san inda fayil ɗin yake ba. Abin da na sani kawai shi ne “babu” ɗin nan ba ta shiga hankali. Na buɗe littafina. A shafi na tara akwai abin da 'yar Zariya ta koya mana: masinjan nan ba da suna kaɗai yake nema ba, yana iya nema da ranar da aka ajiye abu. Na leƙa taga na kira Baba Abubakar. Ya shigo ya cire takalmi a bakin ƙofa, ya ƙi zama kan kujera, ya tsugunna kusa da bango.

Na ce, “Baba, yaushe kuka kawo takardar nan Zurmi? Ku tuna mini da kyau.”

Ya ce, “Wanga ba abin mantuwa ba ne. Bara waccan, Litinin ta hwarko bayan ƙaramar Salla. Da rigar Salla niz zo, don an ce hoto za a ɗauka a manna.”

Injiniya ya ce, “Shekara biyu da wata ɗaya ke nan. Kwana ɗari bakwai da sittin.”

Na ce, “Wannan lissafin bature ne. Baba da wata yake ƙirga. Daga Salla zuwa Salla kwana ɗari uku da hamsin da huɗu ne, ba da sittin da biyar ba. In na bi naka zan faɗa cikin azumi.”

Na lissafa a bayan littafi. Salla biyu, ɗari bakwai da takwas. Na ƙara wata gudan da muka yi bayan Sallar bana, na rage 'yan kwanakin da ke tsakanin Salla da Litinin. Ya kama wajen ɗari bakwai da talatin da biyar. Na fara duba agogon kwamfutar ko zaman sito ya rikita shi, na ga yana daidai, na yi hamdala. Sai na buɗa kwana goma gaba, goma baya, don kada ganin wata ya cuce ni. Da yatsa biyu nake bugu, haka na saba tun tafireta:

find /home/zurmi -name "*.jpg" -mtime +725 -mtime -745

Ma'ana a kawo duk hoton da ya wuce kwana ɗari bakwai da ashirin da biyar da ajiyewa, amma bai kai ɗari bakwai da arba'in da biyar ba.

Layuka suka zubo, sun kai talatin da wani abu. Na bi su da yatsa ɗaya bayan ɗaya. Ga Sani Moriki, ga Hassan, ga Lawali, ga wata Hajiya Kulu. Can tsakiya na ga wani suna da ba suna ba: mai_sunan_baba_61. Ƙasa da shi mai_sunan_baba_62. Can ƙasa kuma 63.

Injiniya ya sunkuyo ya ce, “Wannan kuma mene ne? Baban wa?”

Na juya na ce, “Baba, ranar da kuka gaya wa Malama Saratu sunanku, me ta ce?”

Dattijo ya yi ɗan murmushi, karo na farko tun Litinin. Ya ce, “Allah sarki. Sai tas sadda kai ƙasa tac ce, sannu da zuwa mai sunan Baba. Ashe sunan sirikinta gare ni, uban mijinta. Har niy yi mata ba'a nic ce to ɗiyata, kawo ruwa in sha tunda ni sirikinki ne. Kuma ta kawo. Yarinya mai kunya.”

Shi ke nan. Saratu ba ta iya kama sunan surukinta da baki, kuma ba ta ga bambancin baki da yatsa ba. Duk Abubakar da ya zo gabanta a shekara shida, “mai sunan Baba” ta rubuta ta sa masa lamba. Ita ta san kowanne. Ba ta yi zaton za ta mutu ta bar mu da su ba. Na sake tura masinjan da wannan sunan, suka fito jere, sun haura ɗari. Mutum ɗari da gonakinsu, da saura minti kaɗan a share su don wani ya ce na'ura ba ta ƙarya.

Baƙin allo ba ya nuna hoto. Na kwafe ukun nan a nawa filas ɗin, na ruga teburina na buɗe a kwamfutata. Na farko wani saurayi ne. Na biyu kuwa ga Baba Abubakar nan da farar riga mai aiki a wuya, ga sunansa da hannun magatakarda, ga yatsu huɗu, ga hatimin hakimi. Na kira shi ya duba. Ba ya karanta boko. Ya kafa wa yatsun nan ido, ya sa ɗan yatsansa a gilashin ya ce, “Wanga na Mamman ne, Allah ya jiƙanai. Babban yatsanai da tabon lauje.” Na danna firinta. Ƙarfe ɗaya da rabi ta wuce.

Kada ku ɗauka an gama. Takardar da ta fito daga firinta ba shaida ba ce a kotu sai Kodineta ya sa hannu ya buga hatimin ofis cewa kwafin gaskiya ne. Na same shi a ofishinsa, ashe taron da ya ce ba taro ba ne, tuwo ne aka kawo masa daga gida. Na ajiye takardar na yi masa bayani.

Ya ce, “Mai sunan Baba? Wane irin jahilci ne wannan? Shi ya sa nake cewa a daina ɗaukar matan ƙauye aikin ofis.”

Nan kaina ya buga. Na ce, “Ranka ya daɗe, matar nan shekara shida tana hawa mashin tana bin hanyar da kai ko da rakiyar sojoji ba ka taɓa bi ba. Sau nawa ka je Zurmi ka duba aikinta? Da ka je sau ɗaya ka zauna kusa da ita, da ka gani ka gyara mata. Ba ta ɓatar da takardar kowa ba. Mu ne muka tashi ɓatarwa yau. Kuma kai kanka, Hajiya matarka tana kama sunan mahaifinka?”

Wannan ta ƙarshe ita ce ta ɓata komai, na sani. Fuskarsa ta canza. Ya ture takardar da bayan hannu ya ce, “Ɗauke. A kawo ta ta hanyar da ta dace, a rubuto buƙata, in duba mako mai zuwa.”

“Gobe ne shari'ar.”

“Ba ni na sa ranar ba.”

Na tsaya ina kallonsa yana cin tuwonsa. Ta taga ina hango dattijon ya koma benci, ya ɗora haɓa a kan sanda. Motar Zurmi ta ƙarshe ƙarfe uku take tashi, bayan nan ba direban da ke yarda ya hau hanyar. Na auna abin. Bakina ne ya jawo, kuma ba ni zan biya ba, tsoho ne zai biya da gonarsa.

Na durƙusa. Ni Isuhu, da furfurata, da jikoki biyu, na sa gwiwa a kan simintin ofishin nan gaban yaron da na girma da shekara bakwai. Na ce, “Ranka ya daɗe, na yi kuskure. Bakina ya yi tsawo. Ka hukunta ni yadda ka ga dama, amma ka dubi Allah ka sa wa dattijon nan hannu.”

Ya bar ni a nan har ya gama cin abincinsa, ya wanke hannu, ya goge da tawul. Sannan ya jawo takardar, ya sa hannu, ya buga hatimi, ya ce, “Da haka ka fara da ba a kai nan ba.” Har yau in na tuna wannan maganar sai abinci ya fita raina.

Na kai Baba Abubakar tasha da kaina a mashin. Na sa takardar a leda biyu na ce ya sa ta cikin riga, kada ya ba kowa sai alƙali. Ya ce, “Ɗana, mi ya samu gwiwar wandonka?” Na ce ƙura ce, Baba.

Da na dawo an kashe janareto. Injiniya yana zaune a baranda shi kaɗai. Na miƙa masa filas ɗinsa. Na ce gobe kafin ya taɓa kwamfutar Zurmi zan kwashe duk abin da ke ciki, sannan a kawo ta Shinkafi ita ma in kwashe. Bai dube ni ba. Ya ce, “Malam Isuhu, ta Shinkafi jiya na yi mata.”

Na ce, “Ka yi mata me?”

“Fomatin. Yallaɓai ya ce ba wanda ya zo neman komai a cikinta.”

“Ka kwafe abin da ke ciki?”

“Ba a sa shi a takardar aikina ba.”

Ban zage shi ba. Na so in zaga, amma na riga na durƙusa sau ɗaya a ranar, ba ni da ƙarfin na biyu. Na tambaye shi ko ana iya dawo da su. Ya ce ya riga ya zuba sabon tsari a kai, ko an samu wani abu, gutsattsari ne. Ya gwada daga baya, wannan zan faɗa masa gaskiyarsa. Bai samu abin kirki ba.

Kwiri ya zo washegari da safe, laifi biyu: taɓa kayan ofis ba izini da rashin ladabi ga shugaba. Na amsa a layi uku. Aka sa mini gargaɗi a fayil, ƙarin girman da nake jira a shekarar ya wuce ni. A rahoton wata uku da aka aika Gusau kuwa, an rubuta cewa ofis ƙarƙashin jagorancin Kodineta ya ceto bayanan reshen Zurmi. Ni na buga rahoton da yatsuna biyu. Mako uku na yi ina buɗe masu sunan Baba ɗaya bayan ɗaya, ina karanta sunan da ke takardar ina gyara na fayil ɗin. Ban goge sunan da Saratu ta sa ba. Na bar shi a gaba, na ƙara sunan gaskiya a bayansa.

Ranar Alhamis da La'asar ɗan ƙanen Baba Abubakar ya kira ni. Ya ce alƙali ya karɓi takardar, ya aika aka tambayi fadar hakimi, suka tabbatar da hatiminsu, aka umarci mutumin ya tuge turakunsa. Ruwan farko ya sauka bayan kwana tara, dattijo ya yi shuka a gonarsa. Wannan kaɗai ne abin da ke sanyaya mini rai a duk labarin.

To ku sababbi, ga abin da na koya, ku ɗauka ko ku bari. Umarnin nan ba shi da wuya, a yini ɗaya za ku iya shi, kuma in kun zo teburina zan koya muku ba tare da na tambayi takardarku ba. Abin da ke da wuya shi ne ku tuna cewa kowane fayil mutum ne ya raɗa masa suna, kuma mutumin nan yana da suruki, yana da ɗan fari, yana da abin da bakinsa ba ya iya faɗa. In allo ya dawo muku ba komai, kada ku miƙe ku ce wa mai jira babu. Ku tambayi kanku wa ya ajiye, yaya yake magana, da wane wata mai gonar yake ƙirga. Kuma kada ku share kwamfutar kowa, ko wa ya ba ku umarni, sai kun kwashe abin da ke cikinta kun gani da idonku.

Mutanen Shinkafi sun fara komawa garuruwansu, kuma rigimar gona ta fara tashi. Kusan kowane mako sai wani ya zo da sandarsa ya ce an sa takardarsa a akwatinmu, da idonsa ya gani. Kodineta an yi masa canji zuwa Gusau da ƙarin girma. Injiniya ban sake ganinsa ba. Ni ne a taga, ni nake kallon idonsu in ce musu babu.